Tambayi Tsohon Heluma: Gadar da ba ta da ƙafa a ruwa

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Wannan watan kusan duk wasiƙun da suka iso hannuna a nan Nima, Accra, maganarsu ɗaya ce, gada. Na kuma san mafarin abin. Wani hoto ne ke ta yawo a WhatsApp: kwazazzabo mai zurfi, daji kore shar hagu da dama, ga wata gadar kankare ta tsallaka daga wannan dutse zuwa wancan da baka ɗaya tal, motoci a samanta kamar tururuwa. Ni kaina sau huɗu aka turo mini shi. Masu tambayar yoyon kwano da bangon da ke jiƙa da damina, ku yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja daga Madina ta Accra zuwa Hohoe, kusan kullum sai na taka gadar Adomi da ke kan kogin Volta. Musu ya kaure tsakanina da abokina a tasha. Shi ya ce hoton nan haɗin kwamfuta ne, babu yadda kankare zai tsaya a sama haka ba ginshiƙi a cikin ruwa. Ni kuma na ce ai ga Adomi nan, ita ma kankare ce, kuma ba ta da ƙafa a ruwa. Mun sa shayi da burodi da ƙwai na mako guda. Wa ya ci? Daga direba, Madina.

AMSA: Ɗana, da farko ku janye maganar shayin nan, ka san abin da malamai suka faɗa a kan irin wannan yarjejeniya. Ko da ma ta halatta, babu mai shan na wani, domin kowannenku ya kama rabin gaskiya ya saki rabi.

Abokinka ya faɗi a kan hoton. Gadar tana nan daram, sunanta Bloukrans, a kan babbar hanyar N2 da ke bin gaɓar teku a kudancin Afirka ta Kudu. An gama ta a 1983. Tsawonta mita 451, bakan kaɗai ya ci mita 272, daga titi zuwa ruwan da ke ƙasa kuwa mita 216 ne. Idan ka ba kowane hawa na bene mita uku da rabi, gida mai hawa sittin zai tsaya a cikin ramin nan kansa bai kai titin ba.

Kai kuma ka faɗi a kan Adomi. Bakanta ƙarfe ne. Kamfanin Dorman Long na Ingila, wanda ya gina babbar gadar Sidni a Ostareliya, shi ya yi kwangilar. A Ingila aka ƙero ƙarafan, aka harhaɗa su a nan cikin 1955 da 1956, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1957, saura 'yan makonni a sami 'yancin kai. Bakanta mita 245, ita kanta mita 334. Gobe idan ka tsaya a Atimpoku fasinjojinka suna cinikin abolo da jatan lande ta taga, ɗaga kai ka duba. Bakan Adomi a saman kanka yake, titin kuma rataye yake a jikinsa da igiyoyin ƙarfe, kamar guga a bakin rijiya. Ta hoton nan akasin haka ce: bakan yana ƙasa, an jera ginshiƙai a gadon bayansa, titin ya kwanta a kansu.

Amma abokinka bai yi wauta ba da ya yi shakka. Kankare halin jaki gare shi. Labta masa kaya ka danne shi, zai ɗauka har ka ji tausayinsa. Ranar da ka ce za ka ja shi kuwa, ranar za ka ga rauninsa, don abin da yake iya jurewa na ja bai fi kusan ɗaya bisa goma na abin da yake jurewa na danniya ba. Shi ya sa muke jera rodi a ƙasan dekin. Idan dekin ya ɗauki nauyi samansa matsewa yake, ƙasansa kuma miƙewa, rodin ne ke karɓar miƙewar. Dabarar baka ita ce a tanƙwara ginin yadda nauyi ba zai sami inda zai ja shi ba, sai dai ya matse shi, ya bi ta cikin jikinsa ya gangara gefe biyu har ƙasa.

Tun da wurin mai shayi kuka yi musun, a can za ku raba gardamar. Roƙi kwalin sukarin da ya ƙare, ka yanko dogon yanki mai faɗin yatsa uku. Ajiye gwangwanin madara biyu, tazarar taƙi ɗaya, ka shimfiɗa kwalin a kansu ka ɗora cokali. Zai lotsa. To yanzu lanƙwasa shi kamar bakan maharbi, ka cusa shi tsakanin gwangwanayen, ka danna tsakiyarsa da yatsa a hankali. Idonka ya zama a kan gwangwanayen. Za ka ga suna ja da baya, ɗaya gabas ɗaya yamma, bakan yana bajewa. Sai ka ce wa abokin naka ya riƙe su gam da hannu biyu, ka sake dannawa. Kwalin da ɗazu cokali ya gagare shi zai tsaya maka, shi kuma abokinka zai ji turi a tafin hannunsa.

Wannan turin na gefe shi ne abin da duk mai gina baka yake kwana da shi a rai. Hannun abokinka shi ne dutsen da ke gefen kwazazzabo. Mutane suna ganin rami mai zurfi su ce nan ne wuri mafi wuyar gada, alhali ga mai gina baka kyauta ce daga Allah: bango biyu na dutse suna fuskantar juna, an riga an kafa su, babu abin da zai matsar da su. A fasa dutsen har a kai inda yake da lafiya, a zuba fandisho a jikinsa, shi ke nan bakan ya sami madogara. Nauyin kankaren ma taimakonsa yake. Awon mita ɗaya ta kowace fuska yana kai kilo 2,400, don haka nauyin gadar kanta ya fi na motocin da ke kanta nesa ba kusa ba, kuma wannan nauyin ne ke riƙe da bakan a matse dare da rana. Tirela ta hau ta sauka, kamar ƙuda ne ya sauka a bayan sa.

TAMBAYA: Baba, malaminmu ya ce baka ba shi da ƙarfi sai an rufe tsakiyarsa. To kafin a rufe, me ke riƙe da ɗanyen kankare a saman rami mai zurfin mita 200? Kuma me ya hana a yi Adomi da kankare? Daga ɗaliba, Asawase, Kumasi.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, malaminku ya faɗi gaskiya, ke kuma kin tambayi abin da ya fi ba injiniyoyi wahala. Rabin baka ba baka ba ne, hannu ne kawai da aka miƙa, kuma kowa ya san hannun da aka miƙa ba ya daɗewa bai gaji ba.

A da, sai an fara gina wata gadar ta katako, daidai siffar bakan, a zuba kankare a kanta, a jira ya nuna, sannan a sassauta katakon a hankali a janye. Haka aka yi gadar Salginatobel a ƙasar Suwizalan a 1930, ta injiniya Robert Maillart, mai baka mita 90. Shi ya yi wayo, ya fara zuba siririn faifai, da ya yi ƙarfi sai faifan ya taya katakon ɗaukar sauran. Amma aiki ne mai hatsari. A ranar 31 ga Agustan 1939, ana tsakiyar zuba kankaren gadar Sandö a Suwidin, katakon ya karye ya rufta cikin kogi da ma'aikata, mutum 18 suka mutu. Washegari yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, labarin ya bi ruwa. Sai a 1943 aka buɗe gadar, da baka mita 264.

Wani injiniya ɗan Italiya, Riccardo Morandi, ya fito da tasa dabarar a kogin Storms, kan hanyar N2 ɗin nan dai, a 1956. Ya gina kowane rabi a tsaye a bakin ramin kamar hasumiya, sannan aka sunkuyar da su da igiyoyi sannu a hankali har suka haɗa goshi a tsakiya.

Hanyar da ta zama ruwan dare yanzu kuwa, ranar da na fara ganin zanenta a wurin aiki dariya na yi, har injiniyan da nake ƙarƙashinsa ya tambaye ni lafiya. Na ce masa ai aikin kakana ne. Kakana magini ne daga ƙasar Zazzau, fataucin goro ya kawo shi kurmi ya zauna. Ban same shi yana gini ba, ƙarfinsa ya riga ya ƙare, amma yakan zaunar da ni a zaure ya ɗebi tsinken tsintsiya da jiƙaƙƙen yumɓu ya nuna mini yadda ake ɗaura bakan gizo, wato bakan da ke ɗauke da rufin soro. Sai ya kafa tsinke a jikin bango na dama, ya ɗan karkato shi ciki, ya yi wani a na hagu. Ya ɗaure, ya shafe da yumɓu, ya ce to mu bar shi ya sha iska. Idan ya bushe sai ya ɗora wani tsinken a kan na farko, ya zarce shi kaɗan, gindinsa a danne a baya. A haka, gaɓa bayan gaɓa, hannun dama da na hagu suke tahowa har su gaisa a sama. A ginin gaske azara ce, itacen giginya da gara ba ta cika damunsa ba. Da wannan dabarar Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba tare da siminti ko buhu ɗaya ba. Kada ki ce na ce ginin ƙasa da na kankare abu ɗaya ne. A bakan gizo azarar ce ke yin yawancin aikin. Tsarin tafiyar ne iri ɗaya.

Ga yadda ake yi da kankare. A kafa wani akwatin ƙarfe mai tafiya a bakin dutse, a ɗaura rodi a ciki, a zuba kankare na 'yan mitoci. Idan ya yi ƙarfi sai a ɗaure wannan gaɓar da igiyoyin ƙarfe, a ja su baya ta kan wata doguwar hasumiya ta wucin gadi, a kafe su cikin dutse. A tura akwatin gaba, a zuba gaɓa ta biyu, ita ma a ɗaure. Can tsallake ana yin haka. Igiyoyin nan su ne amsar tambayarki, su ke riƙe da hannun kada ya gaji. Kuma bakan ba cike yake ba, cikinsa rami ne kamar akwati, don a rage nauyi. Masu awo kuwa ba su da hutu, domin kowace gaɓa da aka ƙara sai hannun ya ɗan sunkuya, rana ta buge shi ya miƙe, dare ya yi ya tsuke, igiyoyin ma haka. Kullum ana ɗaure wannan ana sassauta wancan, don kada a zo tsakiya a tarar ɗaya ya fi ɗaya tudu. A gadar da aka gina kusa da madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, wadda aka buɗe a 2010 da baka mita 323, zafin hamada ya sa da dare ake zuba kankare, har ana sanyaya shi da ruwan naitirojin, saboda siminti da kansa zafi yake fitarwa idan yana kamawa. Ranar da aka zuba gaɓar ƙarshe ta nuna, sai a bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya a kwance, nauyi ya tashi daga kansu ya koma cikin bakan, ya gangara jikin dutse.

Batun Adomi, ga yadda nake ganinsa. A 1955 bakan kankare mafi girma a duniya shi ne na Sandö ɗin nan, mita 264, ga kuma abin da ya faru wajen gina shi. Mu muna neman mita 245 a kan Volta, tun ba a datse ta a Akosombo ba, tana zuwa da ambaliyarta yadda ta ga dama. Wa zai kafa katako a cikin wannan ruwan? Siminti ma daga waje ake kawo shi, don sai a 1967 aka kafa GHACEM, kamfanin simintin Ghana. Ƙarfe kuwa ana iya miƙo shi daga gaɓa biyu ba a taɓa ruwa ba. Shekara goma bayan haka, a 1966, aka gama gadar Šibenik a ƙasar da yanzu ake kira Kuroshiya, bakan kankare mita 246, da dabarar igiyoyin nan. Mita ɗaya ta fi Adomi. Sannan ki lura da wurin kansa. A Adomi titin bai yi nisa da ruwa ba, babu zurfin da za a cusa baka a ƙarƙashinsa, dole bakan ya hau sama a rataya titin.

TAMBAYA: Malam, ina saro kaya daga kasuwannin Volta ina kawowa Accra. Duk lokacin da babbar mota ta wuce mu a kan Adomi sai in ji gadar tana rawa, cikina ya ɗuri ruwa. Kuma a bakinta akwai tsaga an sa mata ƙarfe. Ba alamar lalacewa ba ce? Daga Hajiya, kasuwar Nima.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Ci gaba da addu'ar hawa abin hawa, amma ki kwantar da hankalinki. Titin da aka rataya da igiya dole ya ɗan motsa, an san da haka tun a takarda. Tsagar nan kuma da gangan aka bar ta. Ƙarfe da kankare duk suna miƙewa da zafi: abin da ya kai mita 300, idan zafi ya ƙaru da digiri 10, sai ya ƙara kusan santimita 3. In ba a bar masa wurin miƙe ƙafa ba, zai nema da kansa, ya fasa abin da ke gabansa. Ni abin da ke tayar mini da hankali shi ne in ga tsagar ta cike da yashi da tsakuwa da leda.

Ba wai gada ba ta ciwo ba. Ki ɗauki waya ki lanƙwasa ta gaba da baya, ba da ƙarfi ba, ki yi ta yi. Za ta karye. Haka ƙarfe yake gajiya, kuma lodin da ya wuce kima shi ke gaggauta gajiyar. A 2008 an gano tsagewa a wasu ƙarafan da ke ɗauke da titin Adomi, aka taƙaita nauyin motocin da ke hawa, daga baya aka rufe ta a watan Maris na 2014, sai Disambar 2015 aka buɗe. Ke kin fi ni sanin abin da aka sha a mafitar Senchi lokacin da gadar take rufe. Ni sau ɗaya na ɗanɗana. Za mu ɗaurin aure Hohoe, muka bar Nima bayan asuba da goro da alewa a bayan mota, da hantsi muna Senchi. Layi ya miƙe har ba ka hango ruwan. A gabanmu wata mota ce cike da tumatir, rana ta dafa shi, jan ruwa yana ɗiga daga akwatuna yana bin taya, mai kayan tana zaune a gefen hanya ta rafka tagumi. A nan muka yi azahar. Ko da jirgin fito ya tsallakar da mu muka isa, an shafa fatiha, har an fara wanke tukwane.

Gadar kankare ba ta rawa irin haka saboda nauyinta, amma ita ma da nata ciwon. Gishiri da ruwa idan suka sami hanyar shiga wurin rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta ɓamɓare kankaren daga ciki. Ki leƙa tsofaffin gine-ginen bakin teku a Jamestown, za ki ga rodi a waje kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya.

TAMBAYA: Baba, wace ce ta fi kowace girma a duniya? Kuma da gaske ne mutane na yin tsalle daga ta hoton nan? Daga ɗan makaranta, Ashaiman.

AMSA: Cikin masu bakan kankare, a 1980 ta tsibirin Krk ce a Kuroshiya, baka mita 390. A 1997 ta Wanxian a kan kogin Yangtze na ƙasar Sin ta karɓe da mita 420. A 2024 aka buɗe ta Tian'e Longtan, ita ma a ƙasar Sin, da mita 600. Tsallen kuma gaskiya ne. Ana ɗaura wa mutum igiyar roba a ƙafa ya faɗa ramin da ka, kuma shi ke biyan kuɗi. Kai dai ka riƙe karatunka.

TAMBAYA: Malam, mun yi karo-karo a unguwa za mu gina 'yar gadar ƙafa a kan kwatar da ta raba mu da makarantar yara, domin katakon da ke kai ya ruɓe. Faɗin wurin kamar mita shida ne. Samarinmu sun ga hoton nan sun ce a yi mai baka, wai ta fi ƙarfi kuma ta fi kyau. Birkilanmu ya ce zai iya. Me ka gani? Daga shugaban kwamitin unguwa, Mamobi.

AMSA: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, wannan sadaka ce mai gudana. Amma kada ku yi baka. Koma ka karanta abin da na gaya wa direba a kan gwangwanin madara, sannan ka je bakin kwatar ka duba me zai riƙe muku gwangwanin. Gefen kwatocinmu ciko ne: jar ƙasa, ɓaraguzan bulo, toka, leda, shara ta shekara da shekaru. Da rani za ka ga kamar ya yi tauri, ruwan Yuni ya zo ya jiƙa shi ya kwashe gindinsa. Duk wanda ke Accra a daren 3 ga Yunin 2015 ya san abin da ruwan garin nan ke iyawa. Baka kuwa ko ɗan yatsa gindinsa ya matsa, ya fara mutuwa.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila, wani Alhaji ya dawo daga Makka ya ce ƙofar gidansa yake so a yi mata baka irin waɗanda ya gani a can. Muka tayar da ginshiƙi biyu na bulo, siraran gaske, ba rodi a ciki, ba katanga a gefensu da za ta tokare su, don ba a kai ga ginin katangar ba. Kafinta ya buga katako, muka zuba kankare. Kwana huɗu, maigidana ya ce a cire katakon, ana bukatarsa a wani wurin aikin. Raina bai so ba, amma ban buɗe baki ba. Ni da hannuna na ɗauki guduma na buge tokaran. Bakan ya tsaya, kowa ya yi murna, Alhaji har ya ba mu kuɗin koko.

Kwana biyu bayan haka na zo da safe na ɗaga kai, sai na ga wata tsaga siririya kamar gashi a ƙasan bakan, daidai tsakiya. Na ɗaura dutse a zare na saka a jikin ginshiƙin dama. Kansa ya kauce waje da kusan faɗin yatsa biyu. Na hagu ma haka. Na faɗa wa maigidana, ya ce filasta za ta rufe. Daren Alhamis ya rufto. Ya faɗa kan amalanken wani mai ruwa da ya saba ajiye shi a wurin, ya mai da shi faranti. Da la'asar ɗin ranar, almajiran makarantar allon da ke maƙwabtaka a inuwar bakan nan suka zauna suna wanke allunansu. Na fi shekara arba'in ina aikin gini bayan wannan, ban sake cire tokara don wani yana sauri ba, kuma an kore ni daga aiki sau biyu a kan haka.

Ga abin da zan ba ku shawara. A mita shida, miƙaƙƙen dekin mai bim biyu a ƙarƙashi ya wadatar. Shi nauyinsa ƙasa yake dannawa kai tsaye, ba ya tura gefe. Kuɗin da za ku kashe wajen ado ku zuba shi a fandisho: a haƙa har a wuce cikon a taɓa ƙasa ta asali, a kuma ja da shi baya daga bakin ruwa. Kada ku rage faɗin kwatar ko da taƙi ɗaya, kada ku kafa ginshiƙi a tsakiya, don duk sharar Mamobi a nan za ta taru ta toshe, ruwa ya shiga ɗakunan mutane a ce ku ne. Ku ɗaga dekin ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa, tsofaffin unguwa za su nuna muku alamar a bango. Ku sa ƙarfen dafawa a gefe biyu, mai ƙananan tazara yadda kan yaro ba zai shige ba. Girman rodi da yawansa kuma ba aikin birkila ba ne, ba nawa ba ne ta wasiƙa. Ku je ofishin injiniya na majalisar yankinku a zana muku, ku karɓi izini, kada ku gama a zo a rushe.

Ranar zubi ka tsaya da kanka, Alhaji. Yashin teku kada ya shigo wurin ko kyauta aka ba ku. Leburori za su so su ƙara ruwa don kwaɓin ya yi musu laushin shebur, ka hana, ruwan da ya yi yawa ƙarfin kankare yake ci. A sa ƙananan tubalan siminti a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako. Bayan an zuba kuma, mutane suna cewa a bar shi ya bushe. Kankare nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. Ku rufe shi da buhunan algarara, ku sa yaro biyu su riƙa jiƙa shi safe da rana da yamma, aƙalla kwana bakwai. Cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi sai ya kwana 28. Tokaran ƙasa su zauna har injiniyan ya ce a cire, ko da mai katakon zai zo yana zage-zage.

Mamobi ba nisa daga gidana. Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, zan leƙo. Ka sa a nemo mini rodi mai kauri, tsawon mutum ɗaya da rabi, da babbar guduma, ka kuma tara samarin nan masu son baka. Su za su buga shi a gefen kwatar da hannunsu, mu ga inda zai tsaya.